Ɗakin Baya a Gidan Albert

Ranar da dattawan coci za su zo cin abinci gidan Albert a unguwar Romi ta Kaduna, tun da hantsi matarsa Judith ta bi tsakar gida tana kwashe duk abin da zai nuna akwai Musulma a gidan. Ta ɗauke butar da ke bakin famfo, ta sauke hijabin da aka shanya tun bai bushe ba, ta naɗe su cikin darduma ta kai ɗakin baya. Mai kayan tana zaune a bakin katifa tana kallonta. Sunanta Binta. Ita ta haifi Albert, kuma shekara biyu ke nan tana zaune a wannan ɗaki da ke tsakanin sito da rumfar janareta.

Judith ba ta yi mata tsawa ba, ba ta ma taɓa yi ba. Cikin ladabi ta ce Mama ta yi haƙuri, yau akwai baƙi, kada ta wahalar da kanta da fitowa, za a kawo mata abincinta har ɗaki. Binta ta ce to. Da baƙin suka zo tana jin dariyarsu da ƙarar cokula, har ta ji wani yana tambayar Albert jikin tsohuwa. Ya ce da sauƙi, sai dai ba ta son hayaniya.

Binta Bahaushiya ce 'yar Makera. Tana budurwa ta shiga aikin masaƙa a Kakuri, a can ta haɗu da Bulus, Kirista mutumin Kudancin Kaduna, suka yi aure, kowa ya riƙe addininsa. Danginta suka yanke ta tun daga ranar. Da Bulus ya rasu, ɗansu tilo ya ɗauko ta daga ɗakin hayarsu ya kawo ta gidansa, mutane suna ta sa masa albarka.

A makon farko ya zaunar da ita ya faɗa mata yadda zaman zai kasance. Romi unguwar Kiristoci ce, ba Kakuri ba ce. Idan za ta yi salla ta rufe ƙofa. Idan za ta leƙa waje ta ɗaura kallabi kawai. Kada ta yi wa kowa sallama, ta ce sannu ya isa. Ya ce duk don lafiyarta yake yi, domin ranar da gari ya rikice ba wanda zai tsaya tambayar ko ita uwar wane ce. Binta ta ga rikicin Kaduna da idonta, ta san maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, shi ya sa ba ta yi musu ba. Amma gari ya yi ta zama lafiya, dokokin kuwa sai ƙaruwa suke yi. Har sunan da take kiransa da shi, Babana, saboda a ranta sunan mahaifinta ta ba shi, ya roƙe ta ta daina faɗa a gaban mutane.

Wata ranar Asabar da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofar gida. Mutum biyu ne. Hadassah, malamar sakandare a Mahuta wadda suke ƙungiyar mawaƙan coci ɗaya da Judith, da Kabiru, wani tela daga Makera. Su biyun ne suka tara matasa, Musulmi da Kirista, suna koyon wasan kwaikwayo a tsohon zauren ma'aikatan masaƙa da ke Kakuri. Suna son farfaɗo da wani tsohon wasa mai suna Rijiyar Kan Iyaka, wanda ma'aikatan suka riƙa yi duk ƙarshen shekara kafin masaƙun su mutu. Labarin ƙauyuka biyu ne da ba sa ga maciji, amma rijiya ɗaya suke sha, da tsohuwar da ke tsaron rijiyar. Sun samo littafin wasan, sai dai duk inda ya kamata a ga waƙa abin da aka rubuta kawai shi ne, a nan mai rijiya za ta yi waƙa. Wani tsohon ma'aikaci, Baba Monday, shi ya ce musu su nemi matar marigayi Bulus, ita ta riƙa fitowa a mai rijiya, ita kaɗai ta rage da waƙoƙin a kanta.

Judith ta tare su a bakin ƙofa ta ce Mama na barci. Kabiru bai ji abin da ta ce ba, yana baya yana kafe babur, da ya ƙaraso sai ya ɗaga murya ya yi sallama kamar yadda ya saba a kowane gida. Daga can ɗakin baya aka amsa masa, cikakkiyar amsa har ƙarshenta. Binta ba ta san lokacin da ta fito daga bakinta ba. Tun zuwanta gidan ba wanda ya gaishe ta haka.

Judith ta rasa yadda za ta yi, ta ba su hanya. Suka zauna ƙarƙashin mangwaro, Kabiru ya durƙusa ya gaishe ta yana ce mata Inna. Da suka faɗi abin da ya kawo su, Binta ta yi dariya ta rufe baki da gefen zane, ta ce ai an daɗe, ta manta. Hadassah ba ta matsa mata ba. Ta buɗe littafin ta karanta maganar da ke gaban waƙar farko, inda mazan ƙauyukan biyu suka zo da sanduna suna tambayar tsohuwa ita ta wane ɓangare ce. Binta ta gyara zama, ta fara a hankali:

"Ku kawo guga, ban tambayi sunanku ba,
ƙishirwa ɗaya ce ta kawo ku gabana."

Muryar ta tsufa amma ba ta karye ba. Ta yi waƙar har ƙarshe, ta shiga ta biyu ba a roƙe ta ba, ta miƙe tana nuna musu yadda mai rijiya ke riƙe igiya da inda take tsayawa idan za ta juya wa maza baya. Ta ba su labarin yadda Bulus ya riƙa fitowa a sarkin ɗaya ƙauyen, da gemun auduga da ke faɗuwa duk lokacin da ya yi tsawa. Judith kanta ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu tana saurare. Kafin su tafi Hadassah ta roƙe ta ba koyarwa kaɗai ba, ta zo ta sake fitowa a mai rijiya da kanta. Binta ta ce za ta tambayi ɗanta.

Kafin Albert ya dawo daga shagonsa na kayan gini, matarsa ta riga ta faɗa masa a waya. Bai zauna ba, a bakin ƙofar ɗakin baya ya tsaya.

"Mama, kin san wata mai zuwa za a zaɓi dattawan coci, kuma sunana na ciki."

"Na sani, Allah ya ba ka."

"To ki duba. Ki hau dandali da hijabi, yara su ɗauke ki a waya, kafin gari ya waye kowa a Romi ya gani. Me zan ce wa mutane?"

"Ka ce musu uwarka ce," in ji Binta. "Ubanka bai taɓa ɓoye ni ba."

Ya ce zamanin Baba daban, yanzu daban. Ya ce ita ba ta san irin maganganun da ya sha tun yana yaro ba, a coci a ce masa ɗan Hausa, a Makera a ce masa ɗan arna, sai yanzu da ya samu ya tsaya da ƙafarsa. Ya ce ba hana ta yake ba, ta bari a gama zaɓe. Da zai juya ya ƙara da cewa a shekarunta ma ai bai dace a gan ta tana rawa a gaban yara ba. Ta so ta ce masa babu rawa a wasan, amma ya riga ya tafi.

Hadassah ba ta haƙura ba. Ta riƙa kiran Binta a 'yar ƙaramar wayarta da rana idan masu gida sun fita, ta sa a lasifika yaran su kewaye, Binta na rerawa suna amsawa. Kwanakin nan Binta ta riƙa cin abincinta tas, har ta nemi a sayo mata allura da zare ta gyara zannuwanta. Ba a daɗe ba wata maƙwabciya ta tambayi Judith wace ce ke waƙar Hausa a bayan gidansu kullum. Washegari Judith ta karɓi wayar ta ce batirin ya kumbura, za a kai gyara. Wayar ba ta dawo ba. Duk lokacin da Binta ta tambaya sai a ce mai gyaran ya yi tafiya.

Daga nan aka fara sa wa ƙofar gida kwaɗo ta waje idan za a fita, wai saboda ɓarayi. Azumi ya kama, Judith ta ce kunna wuta da asuba zai sa maƙwabta tambaya, sai dai a ajiye mata sauran tuwon dare. Haka ta yi azumin da tuwo mai sanyi, ta riƙa shan ruwa da hasashe domin ba a jin kiran salla a inda take. Idanunta kuma, da suka daɗe suna yin hazo, suka ƙara rufewa da yana. Albert ya ce zai kai ta asibiti da zarar an gama zaɓe. Aka yi zaɓe ya ci, aka yi liyafa a gidan tana ɗaki, maganar asibiti ta koma sai kasuwa ta buɗe.

Bayan salla da 'yan kwanaki, mai kawo ruwa a tanka ya bar ƙofa a buɗe. Binta ta sa hijabinta a cikin leda, ta lallaba ta fita, sai da ta kai bakin titi ta saka shi. Ta hau keke mai ƙafa uku zuwa Makera, gidan yayanta Alhaji Zakariyya'u, gidan da aka haife ta.

Ya gane ta tun kafin ta yi magana. Ya tsufa shi ma, yana zaune a zaure a kan buzu da carbi. Ya amsa gaisuwarta, ya sa aka kawo mata ruwa da abinci nan zauren, amma bai ce ta shiga ciki ba. Ta faɗa masa halin da take ciki ba tare da ta zagi ɗanta ba. Ta ce ba ta neman komai sai kusurwar ɗaki inda za ta ji kiran salla, ta mutu cikin mutanen da za su yi mata wanka.

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Ya ce shi a ransa ya yafe mata tuntuni. Amma ta duba, jikokinsa mata biyu an sa musu rana, kuma dangin mazan masu bincike ne, idan suka ji tarihin sai abin da Allah ya yi. Ya ce yaran gidan ma ba su san yana da ƙanwa ba, ta ina zai fara? Ya ce ɗa shi ke da haƙƙin riƙe uwarsa, ta koma ta yi haƙuri, zai sa ta a addu'a.

"Yaya, ban taɓa barin salla ba," in ji ta. "Ko rana ɗaya."

"Allah ya karɓa," ya ce, ya kira wani a waje ya tare mata keke.

Ba Romi ta ce a kai ta ba. Ta ce Kakuri, tsohon zauren ma'aikata. Ta tarar da su suna tsakiyar gwaji, rufin kwano duk ya yi tsatsa, an jera bencina, an kifa tsohuwar ganga a matsayin rijiya. Hadassah ce ta fara ganinta, ta rugo ta rungume ta. Yaran da suka san muryarta kawai suka taso suna gaishe ta, wasu na cewa Mama wasu na cewa Inna. Baba Monday na zaune a gefe da sandarsa, ya kira ta da sunan da ba ta ji ba tun rufe masaƙa, Mai Rijiya, ta amsa tana dariya hawaye na zuba.

Yammacin nan Binta ta yi wasan daga farko har ƙarshe. Ba ta ganin fuskokinsu sosai, amma ƙafafunta sun san dandalin. Ta gyara wa wata yarinya mai suna Tagwai, wadda aka ba matsayin kafin a same ta, yadda ake sauke murya a waƙar ƙarshe. Ta ce wa samarin da ke riƙe da sanduna su daina ihu, mai niyyar duka ba ya ihu. Da ta gama, zauren ya ɗauki tafi. Wani yaro cikin murna ya ɗauki bidiyo ya yaɗa ta waya, ya rubuta cewa ga mahaifiyar Dattijo Albert na Romi, gwanar gwanaye.

Kafin magariba motar Albert ta tsaya a ƙofar zauren. Ya shigo da fara'a, ya gaisa da kowa, ya gode musu da suka kula masa da Mama. Sannan ya ja Hadassah da Kabiru gefe, amma ba nesa da yadda Binta ba za ta ji ba. Ya ce abin da yake ɓoyewa ke nan saboda mutuncinta: tun rasuwar Baba kanta ya taɓu. Takan fita ba ta san inda za ta ba, takan saka kayan mutane, takan ce ita wata ce daban. Ya ce yau sun kusa kai rahoto ga 'yan sanda.

"Babana," in ji Binta daga inda take zaune, "ni ce mahaukaciyar?"

Ya juyo ya dubi mutanen, ya ɗan buɗa hannu. "Kun ji ko? Ni take kira babanta."

Kabiru ya san abin da sunan ke nufi, kowane Bahaushe a wurin ya sani, amma Albert ya riga ya kama hannunta yana cewa a hankali Mama, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Ta bi shi.

Maganar ta yi masa amfani fiye da kwaɗo. A Romi duk wanda ya ga bidiyon ya tambaya, amsa ɗaya ce: tsufa ne, ta ruɗe, har hijabi take sakawa tana cewa ita Musulma ce. Mata suka riƙa tausaya wa Judith da irin nauyin da take ɗauke da shi. Aka yi wa Binta addu'a a coci da sunan Mama Albert. Idan ta yi magana da ƙarfi a ɗaki a ce ciwon ya motsa, idan ta yi shiru a ce ya ci ƙarfinta. Judith ta fara sa mata wani maganin barci a koko, ta ce wani mai kemis ne ya ce yana kwantar da hankalin tsofaffi.

Hadassah ta je wurin fastonsu ta faɗa masa duk abin da ta sani. Mutumin kirki ne, ransa ya ɓaci, ya kira Albert ya tuna masa girmama iyaye ba a sa masa sharaɗin addini ba. Albert ya sunkuyar da kai, ya yi hawaye, ya ce ba wanda ya san abin da yake gani a gida. Fasto ya ce wa Hadassah ya yi iya nasa, sauran maganar cikin gida ce, ba zai fasa ƙofar mutum ba. Kabiru ya je wurin limamin unguwarsu. Liman ya ce zalunci ne babu shakka, amma idan aka ji Musulmi sun taru sun nufi Romi ɗauko wata mata daga gidan dattijon coci, kafin a fahimci gaskiyar magana an ƙone rabin gari. Ya ce a nemi danginta. Kabiru ya je gidan Alhaji Zakariyya'u, aka ce masa Alhaji ba ya jin daɗi. Hadassah ta ce za ta ɗauki Binta ta riƙe a ɗakinta, Albert ya aiko mata cewa idan ta sake taka gidansa zai kai ƙararta makarantar da take aiki, a ji dalilin da take bibiyar marar lafiya.

Ana cikin haka ya kwashe uwarsa ya kai ta gonarsa a Kakau. Ya ce iskar ƙauye za ta fi mata, hayaniyar gari ce ke tayar mata da ciwo. Akwai ɗaki ɗaya a gonar da ake ajiye taki da buhunan masara, aka share rabinsa aka sa katifa. Aka bar ta da Caleb, mai gadin gonar, da umarnin kada ya bar kowa ya shiga.

An yi wasan a ƙarshen shekara. Zauren ya cika har waje, masu hula da masu sarƙar gicciye a benci ɗaya. Tagwai ta fito a mai rijiya, ta yi waƙoƙin yadda aka koya mata, tsofaffin ma'aikata suna amsawa daga kujerunsu. Kwamitin da ya ba da aron zauren shi ya gayyaci manyan baƙi, kuma cikinsu akwai Dattijo Albert, wanda ya ba da kujeru da rumfa kyauta. Aka ba shi lasifika. Ya yi magana mai daɗi a kan zaman tare, ya ce Kaduna ta kowa ce, ya ce shi kansa a gidan da ya tashi ba a san bambanci ba. Aka tafa masa sosai. Hadassah na bayan labule riƙe da igiyar rijiya, ta kasa ɗaga hannu, ta kuma kasa buɗe baki, domin idan ta yi magana a daren, wasan da yaran suka sha wahala a kansa shi zai fara rushewa.

Ba wanda ya doki Binta. Ba a hana ta abinci ba, ba a zage ta ba. Ɗanta yana da dalili, surukarta tana da dalili, yayanta yana da nasa, fasto da liman ma ba ƙarya suka yi ba. Kowa ya auna abin da zai rasa idan ya tsaya mata, ya ga ya fi ƙarfinsa, ya koma gida ya yi barci. Garin da ya cika zaure don ya ga tsohuwar cikin wasa ta shayar da ƙauyuka biyu, ya rasa kusurwar ɗaki ɗaya da zai ba tsohuwar gaske.

Bayan kwana biyu Hadassah ta hau mota zuwa Kakau. Caleb ya ce an hana shi, zai iya rasa aikinsa, yana da yara. Ta tsaya tana kallonsa har ya kawar da kai, ya buɗe mata kwaɗon ɗakin, ya ce ta yi sauri, shi zai je duba masara.

Ɗakin na warin taki, taga ɗaya ce a sama an toshe ta da buhu. Binta na zaune a ƙasa ta jingina da bango, ta rame har zanen ya yi mata yawa, idanun sun yi fari fat. Hadassah ta durƙusa ta faɗi sunanta, ta fara ba ta labarin wasan, yadda aka cika, yadda Tagwai ta sauke murya a waƙar ƙarshe, yadda Baba Monday ya yi kuka. Binta na gyaɗa kai, amma da alama labarin bai isa inda take ba. Hadassah ta ɗan rera farkon waƙar ko za ta kama. Ba ta kama ba. Ta lalubo hannun Hadassah ta riƙe.

"'Yata, rana ta yi ina?"

"La'asar ta yi, Mama."

"To taimake ni. Tun da aka kawo ni nan ban san ina ne gabas ba. Na tambayi yaron nan ya ce Oga ya ce kada a biye mini. Kullum sai dai in juya inda na ga dama in ce Allah ka sani."

Hadassah ta fita ta dubi rana, ta dawo. Ta kama ta ta ɗaga, ba nauyi kamar an ɗauki ƙullin kaya, ta riƙe kafaɗunta ta juya ta a hankali har fuskarta ta kalli bangon da buhunan masara ke jingine. Ta ɗauki hannunta ta ɗora a kan bangon don ta gane shi ko bayan ta tafi. Binta ta shafa wurin, ta sake shafawa, ta ce Allah ya yi miki albarka.

Daga waje Caleb ya yi gyaran murya, ya ce yana jin ƙarar mota a kan hanya, ta fito haka nan. Hadassah ta saki kafaɗun a hankali tana tsoron kada ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Binta ta ɗaga hannuwanta biyu zuwa kunne ta yi kabbara, a hankali ƙwarai, yadda ba za a ji a waje ba. Hadassah ta fito, Caleb ya ja ƙofar ya mayar da kwaɗo.